Kalmar "Abautan" Da Masu Aronta

Duk wanda ya taɓa kallon fareti ya ji samanja ya daka tsawa ya ce, "Abau-tan!" Nan da nan sai sojan da ke fuskantar gabas su juya ta hannun dama su fuskanci yamma, kowa a kan dunduniyar dama da yatsun hagu, sa'an nan su buga ƙafa kamar mutum guda. Kalmar ta Ingilishi ce, ta bariki ta shigo. Tun da Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ta daɗe ita ce bakin bariki, amma umurnin fareti da Turanci a ke ba da shi. Sojan Amurka kuwa "abaut fes" su ke cewa.

Umurnin kashi biyu ne. Na fari a kan ja shi don soja ya shirya, na biyu a kan yanke shi, a kansa ne a ke juyawa. Watau ba a juyar da mutane sai an gargaɗe su.

To, a Ingila da Amurka 'yan jarida sun ari kalmar nan, su kan jefi duk shugaban da ya sake shawara da ita, kamar dai a ce ya yi amai ya lashe. Wannan aro da gyara. Sojan da ya yi abautan bai gudu ba, bai bar ko taki ɗaya na wurin tsayuwarsa ba, sahu kuma bai watse ba. Abin da ya sake kurum shi ne fuska, na gaba ya koma baya, na baya ya zama gaba.

Illar kuskuren nan ba ƙarama ba ce. In kowane juyi abin kunya ne, shugaban da ya ga rami a gabansa sai ya zarce da jama'a ciki don gudun gori. Saboda haka mai karatu ya riƙa tambaya biyu. Shin an faɗa wa jama'a dalili kafin a juya? Shin an juya tare da su? In an yi haka, abautan ne. In kuwa shugaba ya sulale shi kaɗai, Hausa ba ta rasa suna ba, juya baya ke nan.