Masu Tonon Faifai a Tokyo

A unguwar Shibuya ta birnin Tokyo akwai mutanen da kan shiga kantunan tsofaffin faya-fayai irin su Disk Union, su yini durƙushe gaban akwatuna suna zaro faifai ɗaya bayan ɗaya. Abin da wasunsu ke farauta shi ne kiɗan da ya gwama kayan gargajiyar Japan da bugun rawar zamani. Ga shakuhachi, sarewar gora mai huji biyar. Ga koto mai tsirkiya 13. Ga kuma shamisen, mai tsirkiya uku kamar molo, sai dai ita da wani faffaɗan makaɗi ake dukanta.

Babban jarin mai wannan sana'a kunnensa ne, domin jabu ya fi na gaske yawa a kasuwa. A 1984 wani kamfanin Amurka ya fitar da na'urar kiɗa mai suna Emulator II, aka naɗi busar shakuhachi aka zuba a cikinta. Ita ce ake ji a farkon waƙar "Sledgehammer" ta Peter Gabriel a 1986, kuma daga nan duk wanda ke son kiɗansa ya yi ƙamshin Gabas sai ya danna maɓalli. Gwani ba ya minti guda bai gano ba. Mai busa na gaskiya ana jin hucin iskarsa a bakin gorar, yakan sunkuyar da haɓa ko ya ɗaga don ya lanƙwasa sauti, kuma busarsa ta biyu ba ta taɓa zama daidai da ta farko. Ta na'ura kuwa lanƙwasa ɗaya ce tak, ita za ta yi ta maimaitawa har faifan ya ƙare.

Bayan kunne sai ido. Faifan Japan kan zo da wata siririyar takarda da aka naɗe a gefen kwalinsa, obi suke ce mata, ita da bayan kwalin ne ke faɗin wa ya busa, wa ya kaɗa. Wanda ya ga sunan Minoru Muraoka, mai shakuhachi da ya yi faifan "Bamboo" a 1970, zai bi sawun duk wanda ya yi aiki da shi. Suna ne ke kai mutum ga suna.

Da irin wannan naci ne DJ Hunee ya tattaro tsofaffin kiɗan Soichi Terada, kamfanin Rush Hour na Amsterdam ya fitar da su a 2015, gidajen rawa na Turai suka ɗauka. Masu bin diddigi ba su tsaya nan ba. Sun gangara har zuwa Omodaka, aikin da Terada ke ɗora muryar mawaƙiyar gargajiya Akiko Kanazawa a kan sautin tsofaffin na'urorin wasan bidiyo. A ganina nan ne gwamin ya fi burgewa, domin kiɗan ne ke bin muryar. Wasu masu haɗa kiɗa kuwa sai sun gama aikinsu tsaf, sannan su yayyafa koto a sama don ado.

DJ Krush kuwa ba ado ya yi ba a faifansa "Jaku" na 2004: ya gayyato masu shakuhachi da shamisen ɗakin naɗar sauti, suka yi aikin da hannunsu da bakinsu. Irin wannan faifan ne mai tono kan ware gefe tun kafin ya duba kuɗinsa.