Jinjina ga Maginan Hasumiyoyin Svaneti

Duk wanda ya isa Svaneti, can cikin tsaunukan ƙasar Jojiya, dole ya sara wa maginan da suka ɗora dutse kan dutse tun wajen ƙarni na 9 zuwa na 12. Gida da hasumiyarsa a gefe, mai hawa uku zuwa biyar. Ƙofar a sama suka yi ta. Da an hango mahara, sai iyali su haye, su janye tsani. Zaftarewar ƙanƙara ma ta sha rushe gidaje ta bar hasumiyoyin a tsaye.

A 1996 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Ku masu gyaran rufi da tsagar bango a yau, sannunku da aiki. Amanar kakanni ce a hannunku.