Allurar da Za Ta Karanta Faifan Garmaho

Wanda ya shiga motar haya daga Sakkwato ya nufi Tambuwal, da wuya a wuce Boɗinga a kai Shagari bai ji muryar Musa Ɗanƙwairo ko ta Ibrahim Narambaɗa ba, ko daga rediyon direba ko daga wayar wani fasinja. Waƙar tana nan, amma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Kiɗan ya zama wani gurnani, 'yan amshi sun cure wuri guda, wasu kalmomin kuma sai wanda ya riga ya haddace su ne zai ce ya ji su. Mutane sun saba, har suna ɗauka haka muryar mutanen da take.

Ba haka take ba. Abin da ke cikin wayar jikan jika ne. An ɗauko shi daga faifai ko tef ɗin gidan rediyo zuwa kaset, daga wannan kaset zuwa wani, daga nan zuwa kwamfutar masu tura waƙa a kasuwa, aka matse shi ya zama MP3, sannan WhatsApp ya ƙara matse shi. Kowane zango da abin da ya zube a hanya. Mutanen wannan yanki ba baƙin wannan matsala ba ne. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya yi zama a Boɗinga. Almajirin da ya gaji wannan tarbiyya ya san kwafin kwafi yana tara kure, shi ya sa malami ke neman uwar littafi kafin ya yarda da abin da aka rubuta. A sha'anin sauti, uwar littafi ita ce faifan kansa, ko tef na farko. Tambayar ita ce da wace allura za a karanta shi.

Faifai iri biyu ne ake cin karo da su a tsofaffin adakoki, kuma ruɗa su shi ne kuskure na farko. Akwai faifan garmaho na ainihi, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran, wanda ake yi da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. Yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ta mai inci 10 ba ta wuce kimanin minti 3. A irin wannan faifan ne kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan tsakanin 1927 da 1930, har da Hausa a cikin harsunan. Minti ukun nan ba ƙaramin tasiri ya yi ba: makaɗin da ya saba ya ja waƙa har dare ya raba, dole ya datse kirari ya taƙaita amshi don ya shiga fuska guda. Sai kuma faifan roba. Kamfanin Columbia ya fito da babba mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA Victor ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949. A kan faifan roba ne EMI ta Nijeriya ta fitar da waƙoƙin Mamman Shata, a kansa ne kuma aka buga faifai biyu na kiɗan Hausa da Ba'amurke David Ames ya ɗauka a ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi.

Bambancin da ya shafi allura yana cikin kwarin faifan, wato siririn layin nan da ya nannaɗe daga baki zuwa cibiya, kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona. Sautin yana rubuce ne a jikin gefunansa biyu. Kwarin faifan garmaho faffaɗa ne, yana son allura mai kaurin baki kimanin maikiron 65 zuwa 90. Na faifan roba tsukakke ne, allurarsa kimanin maikiron 18. In aka sa siririyar allura a faffaɗan kwari, sai ta faɗa can ƙasa inda ƙura da tarkace suka kwanta, tana yawo ba ta taɓa gefuna sosai. Abin da za a ji shi ne ƙara irin ta suyar gyaɗa, muryar tana can baya. Da yawa daga faya-fayan da aka yanke wa hukuncin cewa sun mutu, ba su mutu ba, allurar ce ba tasu ba.

Akwai wani abu kuma da masu adana sauti suka daɗe da ganowa. Garmahon wani da hannu yana aiki da allurar ƙarfe, da kai mai nauyin sama da giram 100, kuma ƙa'ida ita ce a sauya allura bayan kowace fuska. Wa ya bi wannan ƙa'ida a ƙauye, alhali gwangwanin allura sai an je birni? Dakusasshiyar allura ta yi ta nuƙe gefen kwari shekara da shekaru, amma a wani tsayi guda take ci. Saboda haka mai aikin tsanaki yakan ajiye allurai masu kauri daban-daban, ya gwada wannan ya gwada waccan, har ya sami wadda ta hau sama da wurin da ya cinye ko ta sauka ƙasa da shi, inda sautin ke nan lafiya. Kunne ne alƙali a nan, ba farashi ba.

Wannan ne ya kawo batun kan allura, ɗan akwatin nan da ke maƙale a bakin hannun injin, wanda ke mai da girgizar allura wutar lantarki. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa, ana rubuta masa MM, akwai wanda naɗin waya ke motsi, ana rubuta masa MC. Masu sha'awar kayan sauti a Turai da Japan suna yabon na biyun, suna zuba masa kuɗi masu yawa. Ga aikin ceto tsofaffin faya-fayai, wannan yabo bai da amfani. Allurar MC galibi ba ta ciruwa, in ta lalace sai a mayar wa kamfani ko a sayi sabon kai, wutar da yake fitarwa kuma 'yar kaɗan ce, yana buƙatar amfilifaya ta musamman. Kan MM kuwa ana zare allurarsa da yatsa biyu a soka wata. Jerin VM95 na Audio-Technica misali ne: jiki ɗaya, amma akwai allurar faifan roba da ake ɗora wa nauyin giram 2, akwai kuma VM95SP ta faifan 78. Ortofon ma yana da 2M 78. Shure, wanda gidajen rediyo suka daɗe suna dogaro da shi, ya daina ƙera kawunan allura a 2018, don haka wanda ya ci karo da tsohonsa a kasuwa ya fara tambayar kansa ina zai sami allurar canji.

Ko a faifan roba ma, allurar da ta fi tsada ba lallai ta fi dacewa ba. Mai siririn baki tana tono sauti mai kyau daga sabon faifai, amma tana tono kowane karce da shi. Faifan da ya sha hannun yara da ƙurar hunturu sau da yawa ya fi daɗin ji da allura mai zagayayyen baki, wadda ita ce mafi araha.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne ƙananan injinan nan masu kama da jakar hannu, masu lasifika a jiki da ramin USB. Suna da arha, suna da kyan gani a falo. Amma kansu na tangaran ne mai danna faifai da nauyi, ba a iya daidaita hannunsu, kuma da yawansu suna da maɓallin 78 alhali allurar da ke jiki ta faifan roba ce. Faifan da ƙila shi kaɗai ya rage a duniya bai cancanci wannan ba.

Sai wutar lantarki, wadda littattafan Turawa ba sa tsayawa a kanta domin ba ta dame su ba. Injin da motarsa ke bin bugun wutar gida, in an ƙera shi don Amurka inda wuta ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, da ya zo Nijeriya mai 50 sai ya rage gudu: juyi 33 ya koma kusan 28, muryar Shata ta yi kauri kamar ya tashi daga barci. In kuma janareto ne, gudun yana hawa yana sauka tare da numfashin injin. Ga Hausa, harshen da karin sauti ke bambanta ma'ana, ga kuma kalangu da kotso da ke kwaikwayon magana, wannan rawar gudu ɓarna ce ta gaske. Maganinta injin da ke riƙe gudunsa da kansa ba ruwansa da bugun wuta, irin Technics SL-1200 da danginsa, ko AT-LP120 mai gudu uku, sannan a ja wutar daga batir da inbata mai kyau. A kuma ɗaure 'yar wayar nan ta ƙasa a jikin amfilifaya, in ba haka ba wani gunji zai bi waƙar daga farko har ƙarshe. Tsofaffin faya-fayan 78 ɗin ma ba duka aka yanka a 78 cif ba, wasu sun ɗan gaza wasu sun kai 80, shi ya sa maɓallin ƙara gudu da ragewa ke da rana.

Wanki yana gaba da komai. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna sa faifan roba ya riƙa jan datti kamar maganaɗisu, zafin bazara kuma, da ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, yana lanƙwasa wanda aka jingine a ɗaki mai rufin kwano. Tataccen ruwa da burushi mai laushi sun isa, a bi da'irar kwari, a kare takardar tsakiya. Faifan garmaho kuwa kada sifirit ya kusance shi, domin narkar da ƙaron yake yi.

Wurin da aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne bayan sauti ya shiga kwamfuta. Lokacin yanka faifai, kamfanoni sukan rage kaurin sauti su ƙara kaifinsa, injin sauraro kuma ya mayar da shi daidai. Sai a 1954 aka tsayar da ma'auni guda da ake kira RIAA. Kafin nan kowane kamfani da nasa, Decca da nata, HMV da nata. Amfilifayar zamani da RIAA take aiki, don haka in aka bi da tsohon faifan 78 ta cikinta sai ganga ta kumbura, murya ta dushe. Ana gyara wannan a manhaja, Audacity ma ta kyauta tana iyawa, muddin mai aikin ya san da matsalar. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a ɗauki awon sauti sau 96,000 a daƙiƙa da bit 24, a ajiye shi a WAV ba tare da an taɓa shi ba. Wannan shi ne uwar littafi ta biyu. Duk wani goge-goge a kan kwafi za a yi shi.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya taɓa zama ya rubuta waƙar fada daga kaset. Manhajar share ƙara ba ta jin Hausa. Sautin sa da sha da tsa, da hwa ta Sakkwatanci, suna zaune ne a sashe ɗaya da shuuu ɗin faifai, bugun yatsa a fatar taushi kuma yana kama da ƙas ɗin karce. In aka matsa wa manhajar sai ta kwashe su tare. Waƙar ta fito sumul, amma baƙaƙen sun tafi. Su kuwa Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi da ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku waƙa, da Ɗan'anace na 'yan dambe, da karin harshen yamma suka yi waƙa, cike da tsofaffin kalmomi da sunayen mutane da garuruwa. Ɗalibin jami'a da ya taso a Kano ko Kaduna, in baƙi ɗaya ya ɓace masa, sai ya cike gurbin da kalmar da ya sani, ta shiga kundi, wani ya kwafa. Aikin da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi na taskace matanin waƙoƙin baka ya dogara ne kacokan a kan abin da kunne ya iya ji.

An yi irin wannan ceto a maƙwabta. A Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani manazarci ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin shirin ceto taskoki na Laburaren Birtaniya, ya juye waƙoƙi sama da 9,000 daga tef-tef ɗin gidan rediyon ƙasar da faya-fayan kamfanin Syliphone. Ba rundunar ma'aikata ya tara ba, kayan aiki daidai ne da haƙuri. Sakkwato tana da wuraren da irin wannan aiki zai zauna: Rima Rediyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da yawa daga waƙoƙin fada ta tef ɗin gidajen rediyo suka iso mu, ba ta faifai ba, shi kuma tef aikinsa daban ne da injinsa daban.

Faya-fayan kuwa suna gidajen mutane, wurin magadan tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwar da suka fara mallakar garmaho a garuruwa irin Shagari da Boɗinga. Iyalin da suka buɗe adaka suka ga irin wannan kaya, abin da ke gabansu kaɗan ne. Su tsayar da faya-fayan a tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da kwano. Su ɗauki hoton takardar tsakiya ta kowace fuska, domin sunan kamfani da lambar da ke jiki su ne za su gaya wa mai juyewa zamanin faifan da allurar da zai fara gwadawa. In kuma tsohon garmahon yana nan yana aiki, a goge shi a ajiye don kallo, kada a ce bari a ji muryar sau ɗaya da allurar ƙarfen da ta rage a gwangwani.