Aure Ba Asibiti Ba Ne: Tabon Zuciya a Labaran Soyayyar Ƴan Jami'a

Na daɗe da daina cewa yaran yanzu ba sa karatu. Suna yi, sai dai ba a takarda ba. A lisen da nake koyarwa a nan Dakoro, ɗalibar da ke jan ƙafa a kan shafi goma na Mariama Bâ ita ce mai kwana da salula a hannu, tana bin labari mai babi tamanin ta WhatsApp ko Wattpad. Da na roƙi ƴan ajin ƙarshe su turo mini waɗanda suka fi so, sai na tarar zubinsu kusan ɗaya ne: budurwa a jami'a, ɗauke da wani mugun abu da ya same ta a ƙuruciya, ko fyaɗe, ko auren dole, ko azabar kishiyar uwa, sannan soyayya ta zo.

Irin wannan labari ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, tun 2009 masu ɗab'i suka fara ware masa rukuni na kansa, kuma littafin After na Anna Todd a Wattpad ya soma a 2013 kafin a buga shi, a fassara shi da Faransanci. Amma namu yana da nasa tushe: So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed (1980), da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), da sauran abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano. Abin da ya canja shi ne fagen. Yarinyar da ke shirin bak a Dakoro tana hangen Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko Abdou Moumouni ta Yamai, don haka jarumar labarin madubinta ce.

Mu fara da yabo, domin ya cancanta. Kunya ado ce, amma ta sha zama murfi ga ɓarna. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na sahun gaba. A irin wannan ƙasa, labarin da ya ambaci ciwo da sunansa ya yi aikin da mu malamai muka kasa. Mafi kyawunsu sun iya zana alamun tabon: firgita cikin barci, razana idan an taɓa kafaɗa, zama a aji hankali na wani wuri. Yarinyar da ake ce wa mai iskoki za ta karanta ta gane ciwonta yana da dalili, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Inda na rabu da su shi ne wajen magani. A yawancin waɗanda na karanta, ciwon da aka ɗauki babi hamsin ana ginawa yakan warke a daren biki. Attajiri ya zo da mota da gida, sai mafarkin tsoro ya ɗauke kamar ruwan bazara. Jami'ar kuwa labule ce kawai: ba jarrabawa, ba ƙarancin kuɗin abinci, ba malami sai in shi ne masoyin. Mafi muni, akwai waɗanda a cikinsu wanda ya yi cutar shi ne ke tuba ya auri wadda ya cuta, a kira wannan kyakkyawan ƙarshe. Wannan kuskure ne ta fuskar fasaha, domin marubucin ya warware ƙullin da almakashi. Kuskure ne kuma ta fuskar gaskiya, domin masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun tabbatar kusantar namiji kan tayar da irin wannan tabo maimakon ta kwantar da shi. Wane darasi ɗalibata za ta ɗauka? Ta yi shiru, ta jira mai ceto. In ta yi aure firgitar ba ta tafi ba, sai ta ɗora wa kanta laifi.

Da tsohuwar zuma ake magani. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana ƙarama, ta ba mu Abu: an cire ta daga makaranta, an aurar da ita ga dattijo, ta gudu Kano wurin ƴar'uwar iyayenta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Soyayya na cikin labarin, amma ba ita ta tsamo Abu ba. Ilimi ne, da hannun wata mace, da shekaru. Littafin da ya haura shekara 30 ya fi na salula sanin yadda mutum ke miƙewa bayan faɗuwa.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A 2007 an ƙone littattafan soyayya a wata makarantar ƴanmata a Kano, amma karatunsu bai mutu ba, kuma yau ba wutar da za ta ci abin da ke cikin salula. Shawarata ga ƴan'uwana malamai ita ce mu shigo da su aji. Mu ajiye babi ɗaya kusa da wasiƙar Ramatoulaye ta Mariama Bâ, mu tambayi yara: wa ya warkar da wannan mace, kuma da me? Ƙungiyoyin al'adu kuma su shirya zaman karatu tare da marubuta matasa da ma'aikatan lafiya. Ga marubutan, roƙona ɗaya ne: ku bar jarumarku ta gama digirinta, ta sami ƙawa ko inna mai saurare, ta auri wanda take so da tabonta a jiki. Akwai mai karanta ku a ajina wadda ba ta gaya wa kowa ba tukuna.