Bayan Minti Nawa Yake Mutuwa?

Kowace shekara a watan Janairu, dubban motocin da aka gina gida a kansu suna yada zango a hamadar da ke kewaye da garin Kwazayit a jihar Arizona ta Amurka. Motar-gida ce sukutum, da gado, da madafa, da banɗaki, da na'urar sanyaya ɗaki a kan rufi. A dajin babu turakun lantarki, don haka rayuwar gidan ta rataya a kan wani ƙaramin janareta da ke ɓoye a gefen motar, a ƙarƙashin daɓe. Sau da yawa ƙirar Onan ne, kamfanin da aka kafa a Miniyafolis a 1920, wanda daga baya ya koma hannun Cummins. Ranar da janaretan nan ya fara tashi yana mutuwa, ranar ce ake sanin darajar makaniken da ke yawo zango-zango da kayan aikinsa.

Abin da ya fi burge ni da gwanin wannan aiki shi ne ba ya gaggawar ɗauko sifana. Tambaya yake fara yi: bayan minti nawa yake mutuwa? Mai mota zai ga kamar ɓata lokaci ne, alhali rabin gyaran yana cikin amsar. Gwani ya san cewa irin wannan janareta ba kasafai yake mutuwa haka siddan ba. Ko dai an hana shi wani abu da yake buƙata, ko kuma ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikinsa ce ta kashe shi da gangan don kada ya lalace. Lokacin mutuwar shi ke nuna wanne ne.

Idan ya tashi lafiya amma ya mutu da zarar an ɗage yatsa daga maɓallin tayarwa, gwani zai karkata ga ɓangaren wuta kafin na mai. Ƙwaƙwalwar tana jiran ta ga lantarki ya fara fita, in ba ta gani ba sai ta tsayar da injin. Galibi laifin yana wurin buroshin gawayi da zobban tagullar da suke gogawa, waɗanda kan yi dauɗa idan an daɗe ba a kunna ba. Ga inji yana da ƙoshin lafiya, ga mai na zuwa, amma wani zai kwance kafireta sau uku yana neman abin da ba ya can.

Idan kuwa ya yi minti ashirin ko talatin yana aiki sannan ya shaƙe, kuma ya ƙi tashi sai ya huce, to zafi ne. Ɗakin da aka cusa shi ciki matsattse ne. Famfon mai da ya tsufa yakan gaza idan ya ɗau zafi, ko fetur ya zama tururi a cikin tiyo. A nan gwani yana da wata dabara mai sauƙi da nake ganin ta fi kowace na'urar gwaji: ya cire tiyon da ke zuwa daga tankin mota, ya tsoma wani gajere cikin jarkar fetur mai tsabta, a fili inda iska ke kaɗawa. In janareta ya ci gaba da aiki, an wanke shi daga zargi, matsalar tana tsakanin tanki da famfo. Tiyon roba da ya shekara goma yakan tsattsage ta yadda ba ya ɗigar da mai, amma yana zuƙo iska. Ido ba zai gani ba, jarka ce ke tona asiri.

Akwai kuma wadda ba cuta ba ce sam. Janareta da injin mota tanki ɗaya suke sha, sai dai an yi bututun janaretan gajere da gangan, yadda in mai ya sauko kusan kwata sai ya daina samu. Masu ƙira sun yi haka ne don kada mutum ya kwana yana shan sanyi, gari ya waye babu man da zai kai shi gidan mai. Shi ya sa gwani ke leƙa allurar mai tun kafin ya durƙusa. Daga nan ya zaro sandar awon baƙin mai, domin da yawa daga janaretoci suna kashe kansu in ya yi ƙasa, kuma motar da aka ajiye a kan gangare tana iya ruɗar na'urar da ke lura da shi.

Injin ma yana magana da bakinsa. A ƙirar Onan ta zamani, fitilar da ke jikin maɓalli tana ƙiftawa da ƙidaya. Ƙifta uku, ta ɗan dakata, ta ƙifta shida: lamba 36 ke nan, wato inji ya tsaya ba tare da an umarce shi ba. Sabon shiga zai ɗauka an ba shi amsa. Gwani ya san an nuna masa unguwa ce kawai, gano gidan aikinsa ne.

Sai kunne. Ƙaramin janareta mai wat 4,000 dole ya riƙa juyawa sau 3,600 a minti don ya ba da wutar da kayan Amurka ke buƙata. Idan ƙararsa na hawa tana sauka kamar mai haki, kafireta ce ta toshe. Duk wanda ya taɓa zama da janareta a gida ya san wannan kuka. Fetur ɗin Amurka galibi ana gauraya shi da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol, wanda ke jawo laima, kuma man da ya kwana watanni a kafireta yakan zama ƙaro ya toshe 'yan ƙofofin da ba su fi bakin allura ba. Motar-gida kuwa takan shafe rabin shekara a ajiye. Saboda haka ake ba da shawarar a riƙa kunna janareta awa biyu duk wata, ɗauke da rabin nauyin da yake iya ɗauka. Zama ya fi aiki kashe shi.

Tambaya ta ƙarshe da gwani kan yi ita ce: a ina ya fara yi maka haka? Iska tana raguwa a kan tsauni, inji kuma yana rasa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da aka hau. Janaretan da ke ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki cikin sauƙi a bakin teku, in an kai shi garin Ledbil na jihar Kolorado, mai tsayin sama da ƙafa 10,000, ya yi asarar kusan sulusin ƙarfinsa. Da na'urar ta fizgi wuta sai ya durƙushe. A nan babu abin kwancewa. Gwani zai murɗa ɗan maɓallin daidaita tsayi da ke jikin kafireta, ya ce wa mai mota ya kashe tukunyar dumama ruwa kafin ya kunna sanyi, sannan ya tsaya a gefe da agogo a hannu har a wuce mintin da injin ya saba mutuwa.