Shirun Yaro Ba Dangana Ba Ne

Mai karatu, ka lura da yadda finafinanmu ke raba yaro da uwarsa? An sake ta, an ƙwace ɗan, ya yi kuka cikin waƙa guda, sai a nuno ya yi shiru, wai ya saba. Haka na sake gani a wani gidan kallo a Unguwar Shanu.

A 1952, James Robertson na Birtaniya ya ɗauki fim ɗin 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti, uwarta sai dai ziyara. Shi da likita John Bowlby sun bayyana cewa bayan kuka yaro yakan fid da rai, har ya juya wa uwar baya.

Daraktocinmu, labarin yana cikin shirun nan. Ku daina tsallake shi da "bayan shekara ashirin".