Jinjina ga Mai Ajiye Kwafin Bayanai

A Haɗejiya, inda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka ci gidaje da gonaki, ma'aikacin kwamfutar da ke kwafe bayanan ofis kowane dare ya cancanci jinjina. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, rumbun bayanai ya lalace, shi zai ɗauko kwafin jiya ya ɗora, sannan ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya ya cike giɓin yau. Wasu na cewa rajistar takarda ta fi aminci. To, wa zai karanta takardar da ruwa ya jiƙa? Gaskiya ne, kwafin da ke ɗaki ɗaya da na'urar tare za su nutse, shi ya sa gwani ke tura nasa Dutse ko Kano, yana kuma gwada shi lokaci zuwa lokaci.